Man Dizal Daga Gansakuka: Yadda Ake Yin Sa, da Inda Lissafin Yake Cijewa a Zuru

A ƙasar Zuru, abin da ya fito daga gona da wuya ya zama tuwo ko kuɗi bai bi ta kan man gas ba. Taraktar da ke huɗa, injin casar shinkafa, injin niƙa na unguwa, manyan motocin da ke kwasar masara da dawa daga Bena da Ribah su nufi Kontagora ko Koko, har da janaretocin da ke riƙe da turakun sadarwa idan an ɗauke wuta, duk dizal suke sha. Shi kuwa dizal, gwamnati ta daɗe da cire hannunta daga farashinsa. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, lita ta tashi daga wajen naira 300 ta haura 700 cikin 'yan watanni, kafin ƙarshen 2023 kuma ta wuce 1,000. Duk lokacin da ya tashi, mai niƙa ya ƙara kuɗin mudu, direba ya ƙara kuɗin buhu. Don haka tambayar ko akwai abin da za mu noma a gida mu zuba wa inji tambaya ce ta masu hankali.

Gwamnati ma ta yi wannan tambayar. A 2007 Nijeriya ta fitar da manufarta ta man tsirrai, inda ta amince a riƙa gauraya kashi 10 cikin 100 na etanol a fetur, da kashi 20 cikin 100 na dizal ɗin tsirrai a man gas. A 2017 kuma kamfanin NNPC da gwamnatin Jihar Kebbi, zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu, suka sa hannu a yarjejeniyar yin etanol daga rogo da rake, aka kuma sa ido a kan filayen Danko/Wasagu a masarautar Zuru. Amma etanol na motar fetur ne. Injin dizal mai maiƙo yake so, irin wanda ake tatsa daga ƙwaya. Wannan ba sabon abu ba ne, domin a baje kolin duniya na birnin Faris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyada zalla. Matsalar ita ce man gyada da na waken soya da manja abinci ne, kuma litarsu ta fi litar dizal tsada. Babu mai hankalin da zai kwashe su daga tukunya ya kai tanki. An koma kan bini da zugu, wanda ba a cin 'ya'yansa, cibiyoyi irin su NARICT ta Zariya suka yi aiki a kansa. Sai dai a ƙasashe da dama an gano cewa shukar da aka ce tana rayuwa a fako tana rayuwar ne kawai, ba ta ba da 'ya'yan kirki sai an ba ta ƙasa mai kyau da ruwa. Ta nan ne hankalin masana ya ƙara karkata ga gansakuka.

Sai mu fara da sanin wace gansakukar ake nufi. Akwai mai zare-zare, wadda ke liƙe a bakin rijiya da duwatsun rafi, mai santsin da ke kayar da mutum. Ba ita ba ce. Wadda ake nufi ita ce wadda ke rina ruwa gaba ɗaya ya koma kore shar. Mai kiwon tarwaɗa ya san ta: ya zuba sabon ruwa a tankin siminti, bayan 'yan kwanaki a rana ba ya iya hango kifinsa, in ya ɗebo ruwan a kofin gilashi ya ɗaga sama sai ya ga kore ne, amma babu wani abu da zai iya tsinta da yatsa. Abin da ke ciki halittu ne masu ƙwayar rai guda ɗaya tak, miliyoyinsu a cikin cokali guda. Wadda aka fi sani sunanta kulorela, kuma sai an jera kimanin 200 kafin su cika tsawon milimita 1. Ba su da saiwa, ba su da kara, ba su da ganye. Jikin gaba ɗaya aikinsa kama hasken rana ne, ya haɗa shi da ruwa da iskar kabon ya yi abinci. Tunda ba sa ɓata ƙarfi wajen gina kara da saiwa, idan yanayi ya yi musu daɗi yawansu yana ninkawa cikin kwana guda, wani lokaci ma ƙasa da haka. Mafi yawan ɗanyen man da ake haƙowa a duniya ma asalinsa irin waɗannan halittun ne da suka mutu a tekuna, ƙasa ta binne su, zafi da nauyi suka dafa su tsawon miliyoyin shekaru.

Man kuma daga ina yake fitowa? Ajiya ce da halittar take yi wa kanta. Idan abinci ya wadata, musamman sinadarin naitirojin, wato abin da manomi ke nema a buhun yuriya, gansakuka ba ta damu da tara mai ba, hayayyafa kawai take yi. Idan naitirojin ya yanke amma rana na nan, sai ta daina rabuwa ta shiga tara kitse, har ya kai kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na busasshen nauyinta a wasu nau'o'in. A lura da wannan da kyau, domin shi ne cikas na farko: in ka ciyar da ita ka samu yawa babu mai, in ka hana ta ka samu mai babu yawa. Dabarar da ake yi ita ce a raba aikin biyu, a fara ciyar da ita har ruwa ya yi kauri, sannan a yanke mata taki na 'yan kwanaki kafin girbi.

Lissafin da ya ruɗi duniya ya fito fili ne a 2007, a wata maƙala ta Farfesa Yusuf Chisti na Jami'ar Massey da ke ƙasar Niyu Zilan. Ya nuna cewa hekta 1 ta waken soya tana ba da mai lita 446 a shekara, bini da zugu lita 1,892, kwakwar manja lita 5,950, gansakuka mai kashi 30 na mai kuwa lita 58,700. Duk wanda ya ga wannan jeri dole ransa ya biya. Amma adadin gansakukar an ɗauko shi ne daga yanayi mafi kyau aka faɗaɗa shi a takarda. Bari mu yi namu lissafin da abin da kududdufin fili yake iya bayarwa. A ce kowace murabba'in mita tana ba da giram 15 na busasshiyar gansakuka a rana. Hekta 1 ke nan kilo 150 a rana, tan 45 a kwana 300 na aiki. In kashi ɗaya cikin huɗu mai ne, an samu kimanin lita 12,000 a shekara. Ya ninka manja sau biyu, ya ninka waken soya fiye da sau 25. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da shi za mu ci gaba da auna kowane mataki.

Mataki na farko zaɓen iri ne. Amurka ta yi wannan aikin da gaske: daga 1978 zuwa 1996 ma'aikatar makamashinta ta tattara nau'o'i wajen 3,000 daga tafkuna da ƙoramu, ta tace su zuwa kimanin 300, ta gwada noman su a kududdufai a garin Roswell na jihar Niyu Meziko. Darasin da suka koya yana da amfani gare mu. Irin da ya yi fice a ɗakin gwaji, da an kai shi fili sai gansakukar yankin, wadda iska da ƙura ke kawowa, ta mamaye ruwan ta kore shi. Ke nan wanda zai yi wannan noma a Zuru bai kamata ya fara da odar iri daga Turai ba. Ya fara da ɗibar ruwan fadamu da tafkuna da tankunan kifi na ƙasar Zuru, a duba da madubin ƙara girma a ga su wa ke ciki, a ware masu jure zafin Maris da Afrilu, sannan a auna mansu.

Na biyu shi ne wurin noman. Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce kududdufi mai siffar zobe dogo, da katanga a tsakiya, ruwa yana zagayawa. Zurfinsa santimita 20 zuwa 30 kawai, domin da ruwa ya yi kore haske ba ya ratsa fiye da 'yan santimitoci na sama. Akwai wata ƙafa mai fikafikai da ƙaramin inji ke juyawa dare da rana, tana tura ruwan don kowace ƙwaya ta samu rabonta na haske, kada kuma ta kwanta a ƙasa ta ruɓe. Wannan motsin ne kuma yake hana sauro samun wurin yin ƙwai. William Oswald na Jami'ar Kalifoniya ne ya fara gyara wannan tsarin a shekarun 1950, kuma abin lura shi ne don tsabtace ƙazamin ruwan gari ya yi shi. Ana shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, ko a daɓe da yumɓu, don kada ruwa ya tsiyaye. Akwai hanya ta biyu, wato rufaffun bututun gilashi ko roba. Sun fi ba da yawa, sun fi tsabta, amma tsadarsu ta ninka sau da yawa, kuma a zafin ƙasarmu sai an riƙa sanyaya su, in ba haka ba su dafa abin da ke ciki. Wannan hanyar ba tamu ba ce, sai dai a ɗakin gwaji don renon iri.

Na uku ciyarwa. A nan mutane da yawa suke zaton ruwa da rana sun wadatar. Ba su wadatar ba. Kowane kilo 1 na gansakuka yana buƙatar iskar kabon kimanin kilo 1.8, ga shi kuma a iskar da muke shaƙa kabon bai wuce kashi 0.04 cikin 100 ba. Hektarmu mai tan 45 tana son wajen tan 80 a shekara, dole a hura mata shi ta bututu. A wasu ƙasashe ana gina kududdufan ne kusa da masana'antar siminti ko tashar wutar lantarki don a ja hayaƙinsu. Zuru ba ta da ko ɗaya. Masana'antar simintin da ke Kalambaina tana can Sakkwato. Masana'antar etanol tana fitar da iskar kabon mai tsabta yayin da rogo ke tsima, don haka idan aikin Danko/Wasagu ya tsaya da ƙafafunsa, gefensa ne wurin da ya fi dacewa da irin wannan kududdufi a duk masarautar. Sai kuma taki. In muka ɗauka kashi 5 cikin 100 na nauyin gansakukar naitirojin ne, hekta 1 za ta ci kusan buhu 100 na yuriya a shekara, ban da fosfaras. Manomin masara da ke fafutukar samun 'yan buhuna kaɗan a damina ya san abin da wannan adadin yake nufi. Wanda ya sayi takin zamani don ya noma man inji ya faɗi tun kafin ya fara. Mafita ita ce ruwan da ya riga ya ƙazantu da abinci: wanda ake zubarwa daga tankin kifi, ruwan mayanka, ruwan kashin kaji da aka tace.

Kafin girbi akwai abokan gaba. Ƙananan ƙwarin ruwa masu cin gansakuka suna iya shiga kududdufi, cikin kwana biyu ko uku ruwan da yake kore shar ya koma ruwan ƙasa mai wari, a kwashe a sake daga farko. Akwai kuma wata mai launin kore da shuɗi wadda ke taruwa a saman ruwan da ba ya motsi, wasu nau'o'inta suna da dafin da ke lalata hanta, har ya kashe dabbar da ta sha. A ƙasar da shanu ke yawo suna neman ruwa da rani, shinge ba abin wasa ba ne.

Yanzu mun zo girbi, kuma a nan gizo yake saƙar. Ruwan da ido ke gani kore kamar an dama ganye, in aka auna, abin da ke cikin lita 1 bai fi rabin giram na gansakuka ba. Mu bi lissafin a hankali. Lita 1 ta mai nauyinta kimanin giram 900 ne. In kashi ɗaya cikin huɗu na gansakukar mai ne, ana buƙatar kilo 3.6 nata a bushe. Kafin a tara kilo 3.6 daga ruwa mai rabin giram a lita, sai an sarrafa lita 7,200, wato duro 36 na lita 200. Duro 36 don lita 1 ta mai. Kuma ba a iya tace ta da ƙyalle, ta fi ramukan saƙar ƙanƙanta. Ba ta kwantawa da kanta da sauri, domin nauyinta kusan ɗaya ne da na ruwa, fatar kowace ƙwaya kuma tana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da na 'yar'uwarta, suna ture juna.

Abin da ake yi shi ne a zuba wani abu da zai kashe wannan cajin su dunƙule. Alam ɗin da ake tace ruwan sha da shi yana yi, sai dai yana barin sinadarin alminiyam a cikin abin da aka girba, wanda ke rage amfaninsa a matsayin abincin dabba. Garin ƙwayar zogale ma yana yi, kuma an gwada shi a kan kulorela an ga aikinsa. Gwajin ba shi da wuya: a ɓare busassun ƙwayoyin zogale a daka su lukui, a dama a ruwa kaɗan a tace, a zuba a bokitin koren ruwan, a juya da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan a juya a hankali, a ajiye. Kafin awa guda za a ga ƙananan gudaje suna haɗuwa suna sauka, sama yana washewa, ƙasa ta yi kore mai duhu. A tsiyaye na saman a mayar kududdufi. Amma kada a yi murna da wuri: abin da ya kwanta a ƙasa har yanzu fiye da kashi 95 cikin 100 nasa ruwa ne. Manyan kamfanoni suna wuce da shi injin da ke juyawa da tsananin gudu ya watsar da ruwan, mai cin wutar lantarki sosai, kuma bayan duk wannan abin da ke fitowa kashi 80 cikin 100 ruwa ne.

Saura busarwa. A kowane kilo 1 na busasshiyar gansakuka akwai kilo 4 na ruwa da za a kora. In da wuta za a kora shi, makamashin da za a ƙona ya yi kusan daidai da duk wanda ke cikin man da ake nema. Wato a ƙona lita guda don a samu lita guda. A nan ne ƙasarmu take da abin da Turai ba ta da shi, domin daga Nuwamba zuwa Afrilu rana da busasshiyar iska za su yi aikin kyauta in an shimfiɗa shi siriri a kan leda. Sharaɗin shi ne ya bushe da sauri. In ya kwana biyu da danshi, man da ke ciki yana fara lalacewa ya yi tsami, tsamin kuma zai dawo ya dame mu a gaba. Da damina, lokacin da ruwa ya wadata, shanyar ce take gagara.

Fitar da man shi ma ba kamar na gyada ba ne. Mai ƙuli-ƙuli tana soya gyadarta, a niƙa, ta zuba ruwan zafi kaɗan ta yi ta juyawa har mai ya taso, domin kusan rabin ƙwayar gyada mai ne kuma namanta mai taushi ne. Ƙwayar kulorela tana da fata mai tauri, ga ƙanƙanta, matsi yana wucewa ta gefenta. Dole a fara fasa fatar ta hanyar niƙa mai tsanani, sannan a jiƙa garin a wani sinadari mai suna hekzen, wanda manyan masana'antun man waken soya ke amfani da shi. Hekzen yana narkar da man ya fito da shi, a tace, a ɗumama zuwa wajen digiri 69 ya tashi ya bar man, a kama tururinsa a sanyaya a sake amfani da shi. Yana kama wuta fiye da yadda ake zato, ba aikin ɗaki ko bayan gida ba ne. Man da ke fitowa kore ne mai duhu, sai an ƙara tsabtace shi.

Mataki na ƙarshe, wanda mutane suka fi jin tsoro, shi ne ya fi sauƙi. Ɗanyen man tsiro ya fi dizal kauri fiye da sau 10, in aka daɗe ana zuba shi a injin zamani yana toshe bakin allurar da ke fesa mai. Dalilin kaurin shi ne kowace ƙwayar man tana da gindi ɗaya, wato giliserin, da dogayen jela uku a maƙale da shi. Aikin shi ne a cire gindin a saki jelar uku kowace ta tsaya da kanta. Ga mai mai tsabta, ana narkar da kimanin giram 3.5 na sodar da masu yin sabulu ke amfani da ita a cikin mililita 200 na metanol, a zuba a lita 1 ta man da aka ɗumama zuwa digiri 55 ko 60, a yi ta juyawa na awa guda a rufaffen mazubi. Kada zafin ya kai 65, domin a nan metanol yake tafasa ya gudu. In aka ajiye ya kwana, sai a tarar ya rabu biyu: giliserin mai duhu a ƙasa, kimanin kashi ɗaya cikin goma, dizal ɗin tsirrai a sama. A zare na ƙasan, a wanke na saman da ruwan ɗumi a hankali har ruwan wankin ya fito garau, a ɗumama shi ya bushe. In akwai ruwa a cikin man tun farko, ko ya yi tsamin da muka ambata, sodar za ta bar aikinta ta koma yin sabulu, a wayi gari da wani abu mai yauƙi da ba ya rabuwa. Irin wannan man sai an fara gyara shi da asid. Metanol kuma guba ne, kurɓa kaɗan tana makantarwa ko ta kashe, tururinsa ma yana cutarwa, soda kuma tana cin fata. Safar hannu da tabarau da wuri mai iska wajibi ne. Dizal ɗin da aka samu ƙarfinsa ya gaza na gidan mai da kusan kashi 10 cikin 100. In aka gauraya kashi 20 nasa da kashi 80 na man gas, yawancin injuna suna sha ba tare da an canza musu komai ba. In zalla za a zuba, a sa ido a kan tsofaffin robobin bututu da matatar mai.

Cewa man yana aiki, wannan babu jayayya. A Janairun 2009 wani jirgin saman kamfanin Continental ya tashi daga Houston, ɗaya daga cikin injunansa yana shan gaurayen da ke da man bini da zugu da ɗan man gansakuka. Abin da ya gagara shi ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Gwajin Roswell ya taɓa ba da giram 50 a murabba'in mita a rana guda, amma matsakaicin shekara ya tsaya wajen giram 10 saboda sanyi, aka rufe shirin a 1996 lokacin da gangar ɗanyen mai take wajen dala 20. A 2009 kamfanin mai na ExxonMobil ya sanar da shirin zuba har dala miliyan 600 a binciken gansakuka. A ƙarshen 2022 ya janye bayan ya kashe fiye da miliyan 350. Shell ya riga shi fita tun 2011. Kamfanin Solazyme, wanda ya taɓa sayar wa sojojin ruwan Amurka man gansakuka, ya koma yin kayan abinci da na shafawa, ya canza suna, ya karye a 2017. Waɗannan ba su rasa masana ko kuɗi ba. Don haka duk wanda ya zo da takardar horaswa yana cewa ka biya kaza ka koyi yin dizal da gansakuka a bayan gidanka ka yi arziki, ka tambaye shi duro nawa na ruwa zai sarrafa kafin ya cika galan guda.

To, Zuru fa? Rana akwai, kuma babu sanyin da ya karya Roswell, ko da yake ƙurar hunturu tana rage haske, zafin bazara mai kusan digiri 40 kuma ya wuce abin da yawancin nau'o'in kulorela ke so, wato 25 zuwa 30. Fili marar noma, mai tsakuwa ko fako, shi ma akwai, kuma kududdufi bai damu da kyawun ƙasa ba. Wannan yana da muhimmanci a yankin da rashin tsaro ya riga ya raba manoma da yawa da gonakinsu. Babu dalilin ɗaukar gonar dawa a ba injin. Ruwa ne abin dubawa. A ce da rani rana tana shanye milimita 7 daga saman kududdufi kullum. A hekta 1 lita 70,000 ke nan, duro 350, alhali man da hektar ta tara a ranar wajen lita 40 ne kawai. Garin da mata da yara ke layi a bakin famfon burtsatse a watan Afrilu ba zai ba da wannan ruwan don inji ba, kuma bai kamata ya bayar ba.

Akwai gansakukar da ta daɗe tana biyan masu ita a kusa da mu. A yankin Kanem na ƙasar Chadi, matan Kanembu suna ɗibar sifirulina daga tafkunan kanwa, su zuba a ramin yashi ruwan ya tsotse, ta bushe su yanka gunduwa-gunduwa su kai kasuwa, ana miya da ita. Dihe suke kiranta. Dubi abin da ya sa tasu ta yiwu. Sifirulina zare ce mai ɗan tsawo, ƙyalle ma yana kama ta. Tana rayuwa a ruwan kanwa inda kishiyoyinta ba sa iyawa. Ana kuma sayar da ita a farashin abinci, domin wajen kashi 60 cikin 100 nata sinadarin gina jiki ne, man da ke cikinta kaɗan ne. Haka abin yake a Japan da Taiwan, inda ake noman kulorela tun shekarun 1960 don ƙarin abinci. Dizal kuwa kaya ne mai arha da ake ƙonawa da yawa, shi ya sa ya fi kowane abu wuyar fitar da riba.

A ganina, hanyar da ta dace da Zuru tana farawa ne daga tankin kifi. Mai tarwaɗa yana zubar da koren ruwa mai cike da taki duk 'yan kwanaki, ga shi abincin kifi ne yake cinye fiye da rabin kuɗin da yake kashewa. In wannan ruwan ya bi ta ƙaramin kududdufi mai zagayawa, gansakuka za ta shanye ƙazantar, a mayar da ruwan ga kifi ko lambu, abin da aka kwantar da zogale kuma ya shiga abincin karfasa da kaji ko ya tafi gona a matsayin taki. Babu yuriya, babu hekzen, babu sabon ruwa mai yawa. Sana'ar juya mai ya zama dizal kuma a koye ta da man suyar da ya gaji a wurin masu ƙosai da masu soya kifi, ko da man bini da zugun da ke shingen gonaki, tunda matakin ɗaya ne ko daga ina man ya fito.

Binciken man gansakukar kansa aikin jami'a ne, kuma jami'ar tana nan cikin gari. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, a harabar tsohuwar Kwalejin Aikin Gona, tana da maƙwabtan da za ta jingina da su: Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa a bakin tafkin Kainji. Ina kira ga malamanta da ɗalibanta su gina kududdufai biyu ko uku na 'yan murabba'in mita, su zuba irin da suka ɗebo daga ruwan ƙasar Zuru, su riƙa rubuta abu huɗu kullum har shekara ta zagayo: giram nawa aka girba, kashi nawa ne mai, lita nawa rana ta shanye, naira nawa aka kashe. Kafin waɗannan alƙaluman su fito, kada gwamnatin jiha ko wani ɗan kasuwa ya sa ko sisi a masana'antar dizal ɗin gansakuka a wannan yanki.